Sandar Awo A Bakin Kwara Da Binuwai

Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Patti a garin Lakwaja ya leƙo ƙasa, ya ga inda manyan kogunan ƙasar nan biyu, wato Kwara da Binuwai, suka gamu suka zama ɗaya, suka miƙa kudu zuwa teku. Baƙi sukan tsaya su sha kallo, su ɗauki hoto, su kama gabansu. Amma a can bakin ruwa akwai wani abu wanda ba kasafai idon baƙo yakan kai gare shi ba, ga shi kuwa rayuwar miliyoyin mutane tana rataye da shi. Abin nan sanda ce mai lambobi, wadda aka kafa domin auna hawan ruwa da saukarsa. Lambar da ruwa ya taɓa a jikinta ita takan nuna ko mutanen Idah da Anaca da Yenagoa za su kwana a ɗakunansu, ko kuwa a azuzuwan makarantun firamare za su ƙarasa damina.

Ranar 29 ga watan Satumba na shekarar 2012, ruwa ya kai mita 12.84 a ma'aunin Lakwaja. A wannan shekara, bisa ga ƙididdigar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, mutum 363 suka rasa rayukansu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu, ambaliya ta taɓa jihohi 30 daga cikin 36, aka kuma ƙiyasta asarar dukiya a kan naira tiriliyan 2.6. Bayan shekara goma, ranar 6 ga watan Oktoba na 2022, ruwan ya wuce wancan zane ya kai mita 13.22. Tsakanin lambobin nan biyu santimita 38 ne kacal, wato bai kai kamu ɗaya ba. Amma a ƙasa mai shimfiɗa irin ta kwarin Kwara, taƙi ɗaya da ruwa ya ƙara a tsaye yana nufin mil da yawa da ya ci a kwance. A 2022 an rasa mutum sama da 600, fiye da miliyan 1.3 suka rasa matsuguni, ruwa ya yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe, manyan motoci da tankokin mai suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki, har ƙarancin man fetur ya addabi babban birnin tarayya.

Auna kogi dai ba sabon abu ba ne a duniya. A tsibirin Rauda da ke tsakiyar kogin Nilu a birnin Alƙahira, har yau akwai wata rijiya mai ginshiƙin dutse a tsakiyarta, wadda aka gina a shekarar 861 bisa umarnin Halifa Mutawakkil. An yi wa ginshiƙin zane-zane da awon kamu, kuma idan ruwan Nilu ya kai kamu 16, mutanen Misira sukan yi murna domin sun san gonaki za su sha. Idan ya gaza, akwai fargabar yunwa. Idan ya zarce ƙima, akwai ɓarna. Har harajin shekara ma da wannan awo akan yanka shi. Ashe tun fiye da shekara dubu masu mulki suka gane cewa wanda bai san hawan koginsa ba, bai san abin da zai faɗa wa talakawansa ba.

A nan Nijeriya kuwa, ba tausayin manomi ne ya sa Turawan mulki suka fara kafa sandunan awo ba. Jiragen ruwa ne suka sa. Kafin hanyar jirgin ƙasa da ta mota su wadata, ta Kwara da Binuwai ake ɗauko gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, a kuma hau da gishiri da kananzir da yadi. Jirgin da zai je Garwa a ƙasar Kamaru yana da 'yan watannin tsakiyar damina kaɗai, in ya yi jinkiri ruwa ya janye, sai ya kafe a kan yashi ya jira baɗi. Saboda haka tun wajen lokacin Yaƙin Duniya na Farko ake rubuta tsayin ruwa a Lakwaja. A shekarun 1950 Gwamnati ta ɗauko wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO, ya yi shekaru yana bin kogunan biyu yana auna zurfi da gudu da yashi, ya fitar da babban rahotonsa a 1959. Har yanzu masana sukan koma wa wannan rahoto idan suna son sanin yadda kogunan suke kafin a datse su.

A yau alhakin wannan aiki yana wuyan Hukumar Binciken Yanayin Ruwa ta Nijeriya, wadda ake kira NIHSA a taƙaice, wadda doka ta kafa a shekarar 2010. Akwai kuma tasoshin da ke hannun Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa mai hedkwata a Lakwaja, da hukumomin raya kwarin koguna waɗanda aka kakkafa a shekarun 1970, da masu gudanar da madatsun ruwa.

YADDA AKE AWON

Sandar awo ba wani abin al'ajabi ba ce. Faranti ne na ƙarfe dogo siriri, an zana masa santimita kamar rular ɗan makaranta, an manne shi a jikin ginshiƙin gada ko turken siminti. Da yake gaɓar kogi gangare ce, akan jera turaku ɗaya bisa ɗaya kamar matakala, kowanne da mita ɗaya ko biyu, ta yadda in ruwa ya shanye na ƙasa, sai karatu ya koma na sama. Akan ɗaure sifilin sandar da wata alama tabbatacciya da masu safiyo suka kafa a tudu, domin ko ruwa ya tafi da turke, a iya mayar da sabo daidai inda tsohon yake. Ya kamata mai karatu ya lura cewa lambar da ake faɗa ba zurfin kogi ba ce. Tsayin ruwa ne daga wancan sifili, kuma kowace tasha da nata. Saboda haka mita 10 a Makurɗi da mita 10 a Lakwaja ba abu ɗaya suke nufi ba.

Wanda yake karanta sandar galibi mutumin ƙauyen ne ko na unguwar, wani lokaci masunci, wani lokaci malamin makaranta, wanda hukuma take ba ɗan alawus. Da safe zai sauka bakin ruwa ya duba, ya rubuta a littafi, da yamma ya sake komawa. Haka zai yi ran sallah, haka zai yi ran da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Idan igiyar ruwa tana kaɗawa, sai ya tsaya ya lura da inda take kaiwa da inda take komawa, ya ɗauki tsakiya. A da, sai ƙarshen wata ake aika takardar da wasiƙa. Yanzu wayar hannu ta sauƙaƙa. Aikin ba shi da wata daraja a idon jama'a, amma duk lissafin da injiniya zai yi a ofis, da duk gadar da za a gina, a kan rubutun wannan bawan Allah suke tsaye. In alawus ya yanke wata shida ya daina zuwa, ko kuwa ya zauna a gida ya cika littafi da ka, to an yi giɓin da babu mai iya cike shi har abada, domin ruwan jiya ya riga ya wuce.

Su kansu mazauna bakin kogi suna da nasu awon tun kaka da kakanni. Masunci yakan soka kara a bakin ruwa da magariba, da asuba ya zo ya ga ko ruwa ya ci karan ko ya bar shi a tudu. Dabarar ɗaya ce da ta hukuma. Bambancin kawai shi ne karan masunci yana faɗa masa abin da ya riga ya iso ƙofarsa, ita kuwa hukuma, da yake tana da sanduna tun daga kan iyaka, tana iya faɗa masa abin da yake tafe.

To, sanin tsayi kaɗai bai isa ba. Abin da masana suka fi buƙata shi ne yawan ruwan da yake wucewa a kowace daƙiƙa, kuma da kubik mita ake auna shi. Kubik mita ɗaya shi ne cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, wato lita 1,000, ko kuma a ce duro biyar irin na mai. A ranar da ruwa ya kai ƙololuwa a 2012, abin da yake wuce Lakwaja ya haura kubik mita 30,000 a daƙiƙa, wato duro sama da 150,000 kafin mutum ya ƙifta ido ya buɗe.

Yadda ake samun wannan adadi aiki ne mai wahala. Ma'aikata sukan shiga jirgin ruwa su ratsa kogin daga gaɓa zuwa gaɓa, suna tsayawa a wurare ashirin ko fiye. A kowane wuri sai su saki igiya mai nauyin dalma su auna zurfi, sa'an nan su zura wata 'yar na'ura mai farfela, su ƙirga juyin da ta yi a cikin ƙayyadadden lokaci, domin gwargwadon gudun ruwa gwargwadon juyinta. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, shi ya sa akan auna a zurfi biyu a ɗauki tsaka-tsaki. Daga nan sai a lissafa abin da yake bi ta kowane yanki, a tara. A zamanin nan akwai na'urar da ake ɗaurawa a gefen jirgi, tana aika sauti cikin ruwa, sautin ya bugi ƙwayoyin laka da ruwa yake ɗauke da su ya dawo, ita kuma ta lissafa gudu da zurfi gaba ɗaya. Aikin yini guda sai ya koma na sa'a ɗaya.

Ba kullum ake wannan ratsawa ba. Akan yi ta sau da dama a shekara, da rani da bazara da tsakiyar damina, har a sami jadawalin da yake nuna cewa in sanda ta ce kaza, to ruwan da yake wucewa kaza ne. Da wannan jadawali ake fassara littafin mai karanta sanda. Sai dai a nan ne gizo yake saƙa. Binuwai kogi ne mai yashi, kowace damina yakan kwashe tudu daga nan ya jibge a can, ya cike wani rami ya haƙa wani. Jadawalin da aka yi shekara goma da suka wuce yana iya zama ƙarya a yau. Daɗin daɗawa, a lokacin babbar ambaliya, lokacin da aka fi buƙatar gaskiyar adadi, a lokacin ne ruwa yake fita daga gaɓa ya bazu cikin daji, shiga jirgi kuma ya zama sayar da rai. Saboda haka manyan lambobin ambaliya, a ko'ina a duniya, akwai ƙiyasi a cikinsu.

FARIN RUWA DA BAƘIN RUWA

Kogin Kwara yana da wata ɗabi'a wadda ba kowane kogi yake da ita ba, wato yakan cika sau biyu a shekara. Tsawonsa kimanin kilomita 4,200 ne, ya taso daga duwatsun ƙasar Gine, ya nufi arewa maso gabas kamar zai shige hamada, ya karya a wajen Tambutu, ya gangaro ta Gawo da Yamai, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Ruwan da aka yi a Gine a damina yakan wuce Kulikoro ta ƙasar Mali, inda ake awo tun shekarar 1907, a wajen watan Satumba. Daga nan sai ya faɗa cikin wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, ya bazu, ya yi watanni yana rarrafe, rana ta shanye kaso mai yawa, lakarsa ta kwanta. Ragowar ba ta isa Yamai da Yawuri sai cikin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwa garau mai duhu. Shi ake kira baƙin ruwa, kuma shi ne yake riƙe da tafkin Kainji a lokacin da ko ɗigo ba a yi a ƙasar Hausa.

Ɗaya cikar kuwa ta ruwan kusa ce, daga Agusta zuwa Oktoba, mai laka da gaggawa. A Nijeriya ana kiranta farin ruwa, a Nijar kuma ja suke ce mata saboda jar ƙasar da rafukan Sirba da Dargol da Goruwol suke kwasowa daga wajen Burkina Faso. A da, baƙin ruwa ne babba a Yamai. Amma rubutun tashar Yamai, wadda take aiki tun 1929, ya nuna cewa a 'yan shekarun nan al'amarin ya juya, jan ruwan damina ne yake yin ɓarna. Masana suna danganta haka da sare itatuwa da zaizayar ƙasa, domin ƙasar da ta tsiraita ba ta shan ruwa, sai ta tura shi kogi kai tsaye, ga kuma ruwan sama mai ƙarfi da yake sauka a lokaci ɗaya. Ba don an yi shekara casa'in ana rubutu safe da yamma ba, da babu mai iya tabbatar da wannan canji.

A Yamai an raba sandar gida-gida da launi. Idan ruwa ya kai santimita 530 an shiga matakin rawaya, 580 matakin ruwan lemo, 620 kuwa ja, wato haɗari. A watan Satumba na 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba, ganuwar da take kare unguwannin ƙetaren kogi ta fashe, dubban gidaje suka rushe. A wannan tasha ɗin dai, a watan Yuni na 1985, bayan farin da aka sha fama da shi, kogin ya daina gudu ɗungum, mutane suka riƙa ratsa shi da ƙafa. Sanda ɗaya ce ta shaida duka biyun.

Da yake kogi bai san kan iyaka ba, ƙasashe tara da suke shan ruwansa, wato Gine da Kwaddibuwa da Mali da Burkina Faso da Nijar da Binin da Nijeriya da Cadi da Kamaru, suna da hukuma ta haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. An fara ta a 1964, aka sake mata fasali a 1980 ta zama Hukumar Kwarin Kogin Kwara. A shekarun 1980 ta kakkafa na'urori masu aika awo ta tauraron ɗan Adam a sassan kogin. Idan ruwa ya tashi a Yamai, labari yakan iso Abuja kafin shi ruwan ya iso Jidere Bode a Jihar Kebbi, inda Nijeriya take fara auna shi.

Wannan labari shi ne abincin masu tsaron madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Jebba da ke ƙasa da ita, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna. Kullum suna tsakanin wuta biyu. In sun saki ruwa da wuri domin su bar wa ambaliya wuri, sa'an nan ruwan bai zo ba, injinan lantarki za su rasa abin juyawa da rani, ƙasa ta shiga duhu. In sun riƙe har tafki ya cika maƙil sa'an nan ruwa ya zo, tilas su buɗe ƙofofi gaba ɗaya, gonakin shinkafa na ƙasar Nufe su nutse. Abin da zai fid da su kawai shi ne sanin adadin da yake tafe, da ranar da zai iso.

LAIFIN LAGDO

Duk shekarar da Binuwai ya yi ɓarna, sunan da yake bakin kowa shi ne Lagdo. Madatsa ce a arewacin Kamaru, kimanin kilomita 50 daga Garwa, an gama ta a 1982. Tun a wancan lokaci aka yi maganar Nijeriya za ta gina tata a Dasin Hausa cikin Jihar Adamawa ta yanzu domin ta tare abin da aka sako, amma fiye da shekara 40 ke nan maganar ba ta wuce takarda ba. Bayan abin da ya faru a 2012, ƙasashen biyu sun daidaita cewa Kamaru za ta riƙa sanarwa kafin ta buɗe ƙofofi. An buɗe su ranar 13 ga Satumba a 2022. A Agustan 2023 ma Kamaru ta aiko da takardar gargaɗi ta Ma'aikatar Harkokin Waje.

Babu mai musun cewa sakin ruwa ba zato a kan kogin da ya riga ya cika masifa ne ga Yola da Numan da ƙauyukan da ke kusa da iyaka. Amma mai karatu ya dubi lambobi. A watan Satumba na 2024, NIHSA ta sanar cewa Lagdo za ta fara da sakin kubik mita 100 a daƙiƙa, ta riƙa ƙarawa har 1,000 cikin mako guda. Ko an kai 1,000 ɗin, kashi ɗaya ne cikin talatin na abin da ya wuce Lakwaja a ƙololuwar 2012. Ina sauran yakan fito? Binuwai yana tafiyar kimanin kilomita 1,400, a hanya kuma yana karɓar Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, waɗanda mafi yawansu daga duwatsu masu yawan ruwan sama suke gangarowa, wasunsu kuma babu wata babbar madatsa a kansu. Shi ya sa a tsakiyar damina Binuwai yakan kawo wa magamar Lakwaja ruwa fiye da wanda Kwara yake kawowa. Ministan Albarkatun Ruwa na wancan lokaci, Injiniya Sulaiman Adamu, ya faɗi haka a 2022, cewa mafi yawan ruwan daga saman ƙasar nan ya sauko, mutane da yawa kuwa ba su ji daɗin maganar ba. Ɗora laifi a kan maƙwabci ya fi sauƙi, domin ba ya buƙatar a sayi ko sanda ɗaya.

Abin da tasoshin Wuro Boki da Ibi da Makurɗi da Umaisha suke yi shi ne raba gardamar nan. Idan an san abin da ya shigo ta kan iyaka, aka kuma san abin da ya wuce Makurɗi, bambancin shi ne abin da rassan cikin gida suka zuba. Ruwan kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya gangara daga wannan tasha zuwa waccan, kwanakin nan kuwa su ne jarin da ake da shi na kwashe mutane da dabbobi da hatsi.

Sai dai samun awo daban, amfani da shi daban. Tun 2013 NIHSA take fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara, tana haɗa awon koguna da hasashen damina na Hukumar Kula da Yanayi. A 2022, tun kafin damina ta kankama, ta ambaci ƙananan hukumomi 233 a jihohi 32 da birnin tarayya cewa suna cikin babban haɗari. An yi taro a Abuja, an raba littafin, an aika wa gwamnoni wasiƙu. Da ruwan ya zo, sai aka tarar da mutane a kan rufin ɗaki kamar ba a taɓa cewa komai ba. A ƙaramar hukumar Ogbaru ta Jihar Anambara, jirgin da ya ɗauko masu gudun ruwa ya kife a watan Oktoba, mutane da dama suka halaka. Ba za a ce talaka ya yi taurin kai kawai ba. Mutumin da aka ce wa ya tashi, ba a nuna masa inda zai je ba, shinkafarsa kuma saura mako uku ta nuna, da wuya ya tashi saboda sanarwar rediyo wadda ba ta ambaci sunan ƙauyensa ba.

Akwai kuma raunin tasoshin kansu. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990, lokacin matsin tattalin arziki, tasoshi da yawa a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka sun mutu, littattafansu suka tsaya. Na'urorin zamani da ake kafawa yanzu, masu auna ruwa da kansu su aika ta waya, suna aiki da farantin hasken rana da batir, su kuwa kaya ne da ɓarayi suke so. Taurarin ɗan Adam suna iya hango faɗin ruwa da tsayinsa daga sama, amma su ma sai an gwada abin da suka gani da sandar da ke ƙasa kafin a amince da shi.

Manyan kogunan ma su ne masu gata. Daren 9 ga Satumba na 2024 zuwa wayewar garin 10, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. Ranar 29 ga Mayu na 2025, ruwan dare ɗaya ya shafe unguwanni a garin Mokwa na Jihar Neja, aka rasa mutum fiye da 150. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sandar Lakwaja za ta iya hangowa. Irin wannan ruwa sa'o'i yake bayarwa, ba kwanaki ba, kuma maganinsa awo ne a kan ƙananan rafuka da bakin kowace madatsa, da mutumin da aka ɗora wa alhakin buga waya ko da tsakar dare ne.

Wani abin da ya kamata hukumomin jihohin bakin kogi su ara daga Yamai shi ne launin nan uku. Faɗa wa mai lambu a Makurɗi ko mai kifi a Ibi cewa ruwa ya kai mita kaza da ɗigo kaza ba ya ƙara masa komai, sai in ya san a wace lamba ruwa yake shiga gonarsa, a wace lamba yake kaiwa dokin ƙofarsa. Fenti gwangwani uku ya isa a shafa rawaya da ruwan lemo da ja a jikin ginshiƙin gada ko bangon mashaya, a zana inda ruwan 2012 da na 2022 suka tsaya, a kuma sanar da mai unguwa da sarkin ruwa da liman cewa ran da aka taɓa ja, makaranta kaza ce masauki, kuma ga hanyar da za a bi da shanu.